Darasi: Agogon da ke Gadin Barci

Kafin mu fara karatun yau, kowa ya ajiye alƙalaminsa. Ku miƙe hannun hagu, tafin yana kallon sama. Ku ɗora yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannun, daidai ƙasan gindin babban yatsa. Ku ɗan danna, ba da ƙarfi ba. In kun yi haƙuri za ku ji wani abu yana harbin yatsunku, ɗal, ɗal, ɗal. Mai agogo a cikinku ya tsayar mana da daƙiƙa 30, kowa ya ƙirga nasa, sannan ya ninka abin da ya samu sau biyu. Baligin da ke zaune cikin natsuwa yakan samu tsakanin 60 da 100 a minti guda. To, yanzu ku miƙe tsaye ku zauna har sau goma, ku sake ƙirgawa.

Lissafin ya hau. Babu wanda ya ce wa zuciyarsa ta ƙara sauri, ita ta yi abinta. Haka take yi idan mutum ya tsorata, ko da yana kwance bai motsa ko yatsa ba, kai, ko da barci yake yi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masu binciken lafiya na zamani sun ƙara da cewa a tambayi wuyan hannu, a tambayi gumi, a tambayi numfashi, domin waɗannan ba su iya kunya ba, ba su kuma iya ɓoye-ɓoye ba. A kan wannan aka gina na'urorin da za mu karanta labarinsu: agogo, da siririyar robar hanci, da wani tabarau mai rufe idanu, duk ana sa su a jiki don taimakon mutanen da wata masifa ta wuce ta bar musu firgici.

Magana ɗaya kafin mu ci gaba. Na san a ajin nan za a iya samun wanda ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ba za a tambayi kowa labarinsa ba. Wanda karatun ya yi masa nauyi ya fita ya sha iska, ya dawo lokacin da ya ga dama.

Raunin da ba ya zubar da jini

A shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya rubuta rahoto a mujallar likitoci ta The Lancet game da sojojin da aka kwaso daga fagen daga a Faransa. Jikinsu ba wani babban rauni, amma wani jin ƙamshi da ɗanɗano ya ragu, wani gani ya dushe, wani ya manta abin da ya faru da shi. Da fari an zaci ƙarar bama-bamai ce ta girgiza musu ƙwaƙwalwa. Wasu hafsoshi kuwa cewa suka yi ragwanta ce kawai. Sai a 1980, bayan tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam sun daɗe suna kuka, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin kundinta da sunan da ake taƙaitawa PTSD. A wannan darasi za mu kira shi ciwon firgici na bayan masifa.

Ba ciwon sojoji kaɗai ba ne. Matar da aka yi wa fyaɗe, direban da ya fita da rai daga motar da ta ƙone, yaron da 'yan bindiga suka tsare a daji, uwar da ambaliya ta ƙwace wa goyo, duk yana iya kama su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 70 cikin 100 za su gamu da irin wannan masifa a rayuwarsu, amma kaɗan ne daga cikinsu, wajen 6 cikin 100, ciwon yake kamawa. Mafi yawan mutane sukan yi kwanaki ko makonni cikin ruɗewa, sannan hankali ya dawo. Idan an wuce wata guda abin bai lafa ba, har yana hana mutum sana'a da zaman iyali, a nan ne likita yake fara zargin ciwon.

Ga yadda yake. Abin da ya wuce yana dawowa ba sallama: salansar babur ta yi tau a bakin titi, sai mutum ya tsinci kansa kwance a ƙasa, ko ƙaurin taya ya bugi hancinsa, sai ranar nan ta dawo sabuwa fil. Yana kauce wa hanyar da abin ya faru, da mutanen da suka sani, da zancen kansa. Yana zargin kansa, yana cewa don me ni na tsira su ba su tsira ba. Kullum a ɗarare yake, in ya shiga ɗaki sai ya zauna inda zai ga ƙofa, abu kaɗan ya fusata shi. Da dare kuwa mugun mafarki ne, iri ɗaya, yau da gobe.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu, ɗaya a kowane ɓangare, kowace ba ta fi ƙwallon dabino ba, ana ce musu amigdala. Aikinsu gadi ne. Da sun hango haɗari sai su tayar da jiki: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya hau, gumi ya keto, tun kafin mutum ya yi tunani. In haɗarin ya wuce, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna al'amura, shi ke cewa a kwantar da hankali. Ga mai ciwon firgici, mai gadin ya ƙi komawa ya zauna, kuma muryar mai lallashinsa ta yi rauni. Kakanninmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka kada ku ce wa mai wannan hali ba shi da tawakkali. Rauni ne ya samu, kuma addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Ɗa da mahaifinsa

A 2007 wani sojan Amurka daga jihar Minesota ya dawo gida daga Iraƙi, inda ya jagoranci ayarin motocin soja. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, amma barci ya zama masa abin tsoro. Da ya rufe ido sai ya koma can, ya yi ta birgima, ya farka sharkaf da gumi. Kamar yadda shi da kansa ya gaya wa 'yan jarida daga baya, ya koma shan giya da ƙwayoyi don ya samu ya runtsa, har aurensa da aikinsa suka salwanta.

Ɗansa, Tyler Skluzacek, yana yaro lokacin, yana kallon duk wannan. A 2015, yana shekarar ƙarshe a kwalejin Macalester, ya ji labarin wata gasa ta masu rubuta manhaja a birnin Washinton, wadda aka shirya don neman dabarun taimakon masu ciwon firgici. Ya tattara ɗan abin da yake samu a aikin da yake yi a makaranta ya sayi tikiti. Dabarar da ya je da ita daga karnuka ya aro ta. A Amurka akan horar da kare ya kwana kusa da tsohon soja, in ya ga ubangidansa ya fara fizge-fizge cikin barci sai ya zungure shi da hanci. Tyler ya ce me zai hana agogo ya yi aikin karen?

Ku juya agogon zamani irin wanda ake haɗawa da waya, za ku ga wani ɗan koren haske yana ƙyaftawa a bayansa. Jini yana shanye koren haske. Duk bugun da zuciya ta yi, jini yakan cika 'yan jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa ya ragu, tsakanin bugu da bugu kuma ya ƙaru. Wani ɗan ido a jikin agogon ne yake lura da wannan raguwa da ƙaruwa, ya ƙirga, wato abin da kuka yi da yatsunku ɗazu, sai dai shi ba ya gajiya har gari ya waye. A ciki kuma akwai ma'aunin motsi, irin wanda ke sa hoton wayarku ya juya idan kun kwantar da ita. Da waɗannan biyu agogo yake sanin zuciya ta ɗauki gudu, hannu kuma ya fara fizga.

Wahalar aikin tana wajen taɓawar. In girgizar agogon ta yi ƙarfi, mutum zai farka a firgice, an kashe maciji ba a sare kansa ba, tun da barcin da ake son ceto shi ne ya tafi. In ta yi rauni, mafarkin zai ci gaba da abinsa. Abin da ake nema shi ne tsaka-tsaki: girgiza irin ta wayar da aka kashe wa ƙara, wadda za ta janye mai barci daga cikin mafarkin ba tare da ta buɗe masa ido ba. Uwaye mata sun san wannan hannun. Jariri ya fara mutsu-mutsu cikin dare, uwa ta ɗan jijjiga shi, ya yi ajiyar zuciya ya koma. Mahaifin Tyler shi ya zama ɗan gwaji na farko, kuma a kwanakin farko agogon ya sha tayar da shi a razane, sai da suka yi ta gyara kafin su dace.

Daga baya wani kamfani ya karɓi aikin ya sa masa suna NightWare, yana aiki a kan Apple Watch da iPhone. A watan Nuwamba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta ba da izinin sayar da shi ga masu shekara 22 zuwa sama da ke fama da munanan mafarkai. Sai da takardar likita ake samunsa. A dararen farko, har zuwa kamar goma, agogon yana koyon yadda barcin mai shi yake, domin bugun zuciyar da ya zama tashin hankali ga wani, ga wani daidai ne. Hukumar ta gindaya sharuɗɗa: ba a ba mai tafiya cikin barci ko mai kai duka cikin mafarki, kuma ba a ɗauke shi a matsayin maganin ciwon shi kaɗai ba, ƙari ne a kan jinyar da likita yake yi.

Yaya aka san yana aiki?

Wannan ita ce tambayar da nake so ku riƙe fiye da sunan kowace na'ura. Labarin ɗa da mahaifinsa yana taɓa zuciya, ni ma ya taɓa tawa, amma samun sauƙin mutum ɗaya ba ya zama hujja a likitance. Wataƙila agogon ne, wataƙila kuma ganin ɗansa ya damu da shi har haka ne ya sanyaya masa rai.

Ga yadda ake rarrabewa. Akan raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kowa a ɗaura masa agogo iri ɗaya, amma na rukuni ɗaya yana girgiza, na ɗaya rukunin kuwa an kashe masa girgizar, ba tare da an gaya wa kowa wanne ya samu ba. Gwajin da FDA ta duba na mutum 70 ne, tsawon kwana 30. Da aka tambaye su yadda barcinsu ya kasance, duka rukunonin biyu sun ce an samu sauƙi, sai dai na masu agogo mai girgiza ya ɗara. Da masu bincike na asibitin tsofaffin sojoji da ke Miniyapolis suka wallafa sakamakon mutum 65 a 2023, sun bayyana cewa tazarar ba ta kai girman da za a rantse ba sa'a ba ce, sai a tsakanin waɗanda suka lizimci ɗaura agogon yawancin darare, a nan ne bambancin ya fito sosai.

Ku lura da waɗanda agogonsu bai yi komai ba amma suka ji sauƙi. Ba ƙarya suka yi ba. Mutumin da ya shekara goma yana tsoron katifarsa, yau ga shi ya kwanta da yaƙinin akwai mai gadinsa, ga likita yana kiransa yana tambayar yaya ya kwana. Wannan kaɗai magani ne. A ganina hukuncin adalci shi ne: agogon yana da alamar amfani, haɗarinsa kaɗan ne, amma hujjarsa ba ta gama nuna ba.

Tarihin likitanci cike yake da irin wannan. Akwai wani maganin hawan jini mai suna prazosin wanda ƙananan gwaje-gwaje suka nuna yana rage munanan mafarkai, likitoci suka yi ta rubuta shi. Da aka yi babban gwaji da tsofaffin sojoji 304, aka wallafa a 2018, sai aka ga bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Har yau wasu likitoci suna ba da shi domin yana yi wa wasu, amma an rage cika baki. A ɗaya gefen kuma akwai dabarar da ba ta bukatar ko batir. A 2001 likita Barry Krakow ya wallafa gwajin da ya yi da mata 168 da aka taɓa ci wa zarafi. An koya wa wasunsu su ɗauki mugun mafarki da rana tsaka, ido biyu, su sauya masa yadda yake tafiya, su riƙa bitar sabon a zuci kowace rana. Mafarkan sun ragu ƙwarai.

Numfashi

Mai firgici yakan yi numfashi sama-sama da sauri, ko ya riƙa jan dogon numfashi ba bisa ƙa'ida ba. Hakan yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri, da ƙullewar ƙirji, da jin yatsu suna tsira-tsira, waɗanda su kuma suke ƙara tsoron. Wata na'ura mai suna Freespira, wadda FDA ta amince da ita don ciwon firgici a 2018, tana amfani da siririyar roba da ake saƙalawa a hanci. Robar tana auna iskar da mutum ya fitar, ta nuna masa a allon ƙaramar kwamfuta, wani sauti kuma yana hawa yana sauka don ya bi da numfashinsa. Minti 17, sau biyu a rana, kwana 28. Daga nan sai a mayar da na'urar, domin abin da ake so jiki ya koya ya riga ya koya.

Komawa wurin da abin ya faru

Agogo yana gadin dare, robar hanci tana saita numfashi, amma tushen ciwon yana nan, wato tunawar da mutum yake gudu. Jinyar da ta fi kowacce ƙarfin hujja ita ce wadda ƙwararre yake zama da mara lafiya ya taimake shi ya fuskanci abin, kaɗan-kaɗan, cikin aminci. Farfesa Edna Foa ta Jami'ar Pensilbaniya tana cikin waɗanda suka tsara wannan hanya. Mara lafiya yana ba da labarin ranar, ya sake, ya kuma sakewa, mako bayan mako, har mai gadin nan na ƙwaƙwalwa ya gane cewa tsumma tsumma ne, macijin yana can baya. Akwai zafi, kuma mutane da yawa sukan gudu kafin a gama. Wasu kuma sukan ba da labarin a bushe kamar masu karanta jarida, zuciyarsu a kulle, jinyar ba ta kama su.

Saboda irin waɗannan aka shigo da tabarau mai rufe idanu, wanda in ka sa shi sai ka ga kanka a wata duniya da kwamfuta ta zana, ka waiga dama ka ga dama, ka ɗaga kai ka ga sama. A 1997 Barbara Rothbaum da Larry Hodges a birnin Atlanta suka gina dajin Biyetnam da jirgi mai saukar ungulu don tsofaffin sojoji. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, JoAnn Difede a birnin New York ta yi amfani da hoton tagwayen benayen wajen jinyar waɗanda suka tsira. Sannan Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya gina titunan Iraƙi da Afganistan, aikin da yanzu ake kira Bravemind.

Ku kwatanta ɗakin a ranku. Soja yana zaune a kujera bisa wani dandamali da ke rawa kamar mota tana tafiya. Tabarau a fuskarsa, abin sauraro a kunnensa. Likita tana gefe da nata allon, ita ke riƙe da linzamin komai. A zaman farko wataƙila titi ne kawai da rana, ba kowa, ba ƙara. Yana ba da labari, tana tambayarsa: daga sifili zuwa 100, ina tashin hankalinka yake yanzu? In ya ce 40, sai su tsaya a nan har ya sauko. Wani makon ta ƙara ƙarar injin. Wani makon ta mai da rana magariba, in da magariba abin ya faru. Akwai ma na'urar da ke busa warin man dizal ko na ƙonanniyar roba. Sai can gaba, in ya shirya, fashewar za ta zo. A wasu wuraren akan ɗaura masa ma'aunin bugun zuciya da na gumi, domin soja yana iya cewa lafiya lau alhali tafinsa ya jiƙe.

Shin ya fi zama da likita baki da baki? A wani gwaji da aka wallafa a 2016, an raba sojoji 162 gida uku: masu tabarau, masu ba da labari ido rufe ba na'ura, da masu jiran layi. Rukunoni biyun farko duk sun fi masu jira samun sauƙi, amma tabarau bai fi tsohuwar hanya ba, bayan wasu watanni ma tsohuwar ce ta yi gaba. Amfaninsa, a fahimtata, shi ne ƙofa ce ta biyu. Saurayin da ya tashi da wasan kwamfuta, wanda yake jin kunyar a ce ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa, yana iya yarda ya sa tabarau. Kuma kada wani ya ɗauka zai iya yi wa kansa wannan da bidiyon tashin hankali a waya. Ba tare da ƙwararre mai riƙe da linzami ba, fama rauni ne kawai.

In na'urar ta iso gare mu

Za ta iso, ko ita ko mai kama da ita. Tun yanzu kasuwanninmu cike suke da agoguna masu araha da ke cewa suna auna damuwa. Kafin ku ba da kuɗinku, ku tambaya a kan wa aka gwada. A ƙarshen 2020 likitoci a Jami'ar Mishigan sun gano cewa 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa a asibiti don auna iskar oksijin ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iskar a jikin baƙar fata, kusan ninki uku in an kwatanta da farar fata. Ita ma da haske take aiki. Game da koren hasken agogo, sakamakon bincike ya sha bamban, wasu sun ga tasirin launin fata, wasu ba su gani ba. Mu da fatarmu take baƙa, haƙƙinmu ne mu yi tambayar.

Ku kuma tambaya ina bayanan suke zuwa. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya duba taswirar da kamfanin Strava ya wallafa ta hanyoyin da masu motsa jiki suke bi, sai ya ga zanen sansanonin soja a Siriya da Afganistan ya fito ɓaro-ɓaro, saboda sojoji suna gudun safe da agogunansu a hannu. Kafin shekarar ta ƙare ma'aikatar tsaron Amurka ta hana sojojinta da ke fagen aiki kunna abin nuna wuri. Agogon da ya san sau nawa ka firgita jiya da dare ya san sirrin da ko amininka bai sani ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma doka ba ta hana mutum danna "na yarda" bai karanta ba.

Sai babbar magana. Duk na'urorin nan uku an gina su ne a kan zaton akwai likita a gefe, da wutar caji kowace rana. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Ku auna wannan da Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Diffa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware, akwai na Dawanau a Kano, kuma a Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka rata tana da yawa, kuma inda likita bai kai ba, mai sayar da tiramadol da ƙwayar barci ya kai. Ku tuna da mahaifin Tyler da kwalbarsa.

Ƙirƙira a likitanci ba lallai sai da batir ba. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu larurar ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a kulle su, kuma duniya ta zo ta koya. A Borno, gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta ɗauki masu ba da shawara a mota tana kai su unguwanni da garuruwa. A Yuganda kuwa, wasu masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus sun gwada wata hanya da 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi, suka wallafa a 2004. A irin wannan jinya akan shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum daga haihuwa. Ya ɗora fure a inda ya ji daɗi, ya ɗora dutse a inda ya sha wuya, a bar ƙarshen igiyar a naɗe domin kwanakin da ba su zo ba. Sannan a bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa ana rubutawa. Gwajin ƙarami ne, mutum 43, zama huɗu kacal, amma bayan shekara guda 29 cikin 100 ne na waɗanda aka yi wa haka suke da sauran ciwon, alhali a sauran rukunonin kusan 80 ne. Daga baya an horar da 'yan gudun hijira su da kansu suna yi wa 'yan'uwansu.

In a gidanku akwai mai firgita cikin barci, kada a cafke shi ko a girgiza shi da ƙarfi, domin yana iya kai hannu bai sani ba. A ɗan ja baya, a kira sunansa a hankali, a kunna fitila, a gaya masa inda yake: Baban Amina, gida kake, ni ce. Kada a matsa masa ya faɗi abin da ya gani. In abin ya wuce wata guda, ko ya fara shaye-shaye, a raka shi asibiti. In kuwa ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Aiki

1. Kwana uku a jere, ku ƙirga bugun zuciyarku da asuba kafin ku sauko daga shimfiɗa, ku sake ƙirgawa da yamma bayan kun dawo daga aiki. Ku rubuta lambobin shida a littafinku ku zo da su.

2. Da bakinku, ku bayyana wa wani a gida dalilin da ya sa masu bincike suke ɗaura wa wasu agogon da ba ya girgiza. In ya ce ai yaudara ce, me za ku ce masa?

3. Wani ya zo kasuwarku da agogo yana cewa yana maganin firgita da mugun mafarki. Ku rubuta tambayoyi uku da za ku yi masa.

4. Ku bincika wane asibiti ne mafi kusa da ku da ake ganin masu larurar ƙwaƙwalwa, wace rana ake ganinsu, kuma nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa.